Hirar Majalisa da Hirar Waya: Yadda Mutanen Ƙasar Gwiwa Suke Karɓar Labarin Mulki da na Kuɗi



Abin da wannan lacca za ta duba ƙaramin abu ne a ido, watau 'yar maganar nan da mutum yakan yi a lokacin da labarin gwamnati ya iske shi, ko a bakin shago, ko a teburin mai shayi, ko kuwa a cikin wayar da ke hannunsa. Masana ba su cika kula da irin wannan magana ba, domin suna ganin surutu ne kawai na waɗanda ba su da iko a kan kome. Amma wanda ya saurare ta da kunnen basira zai tarar tana da ƙa'idoji kamar yadda waƙa da karin magana suke da nasu, kuma zai ga cewa tun da ta ƙaura zuwa cikin waya, waɗansu daga cikin ƙa'idojin nan sun zube a hanya.

An zaɓi ƙasar Gwiwa domin a kafa misali. Gwiwa ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, cikin masarautar Kazaure, tare da Roni da 'Yankwashi da Kazauren kanta, kuma ta yi iyaka da Jihar Katsina. A ƙidayar 2006 mutanenta sun ɗan haura 120,000, akasarinsu manoma da makiyaya da 'yan kasuwar ƙauye. Wannan sashe na jihar ba baƙon siyasa ba ne. Tun da aka cire Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, Kazaure ta ba da gwamna, Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, Babura kuma ta ba da Muhammad Badaru Abubakar daga 2015 zuwa 2023. Duk da haka, abin da ake yankewa a Abuja yakan iso Korayel ko Buntusu ne a matsayin labari, ba a matsayin shawara ba. Mutumin da ba a yi shawara da shi ba kuwa, abin da ya rage masa shi ne bakinsa.

Kalmomin Hira

Harshen Hausa bai ɗauki magana a matsayin abu guda ba. Akwai hira, akwai taɗi, akwai sharhi, wanda ake jira daga mai sani, akwai tsokaci, wanda kowa zai iya yi a taƙaice. Sa'an nan akwai tsegumi da gulma, waɗanda ake yi a bayan ido, da jita-jita, wadda sunanta ma ya tona asirinta, watau wannan ya ji ta, wancan ya ji ta, babu wanda ya gan ta. A gefen raha kuma ga ba'a, ga gatse, ga habaici, ga shaguɓe. Al'ummar da ta rarrabe magana haka, lalle ta daɗe tana auna nauyinta.

Amma a cikin dukan kayan aikin da harshen ya tanada, babu mai muhimmanci ga wannan zance kamar 'yar kalmar nan "wai". Idan Bahaushe ya ce, "An ƙara kuɗin mai," ya ɗauki nauyin maganar a wuyansa. Idan ya ce, "Wai an ƙara kuɗin mai," ya sauke nauyin, ya kuma gargaɗi mai sauraro da kada ya gina ɗaki a kanta. Haka "an ce" take aiki. Mai sauraro shi ma yana da makaminsa, shi ne tambayar nan, "In ji wa?" A majalisar ƙauye wannan tambaya ba rashin kunya ba ce. Tilas mai labari ya ce a rediyo ya ji, ko direban motar Kano ne ya faɗa, ko ɗan dagaci ne ya zo da shi daga sakatariya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da darajar da jama'a suka san shi da ita. Ɗaliban hadisi za su ga kama tsakanin wannan da binciken isnadi, ko da yake na majalisa bai kai wancan tsanani ba. Wanda aka sha kamawa da ƙanzon kurege kuwa, sai a laƙaba masa "rediyo mai jini", daga ranar nan ko gaskiya ya kawo sai an nemi shaida.

Rediyo bai rushe wannan tsari ba, ƙarfafa shi ya yi. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta biyo baya, Muryar Amurka ta shigo a 1979. Kafin su akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, wadda mai ilmin boko ɗaya yakan karanta wa mutum goma. Akwatin rediyo ɗaya ne a tsakiyar tabarma, kowa ya ji abin da aka faɗa a lokaci guda, sa'an nan a kashe a shiga gardama. Idan wani ya ƙara gishiri, akwai mutum biyar da za su ce ba haka aka ce ba.

Fassarar Labari

Aikin farko da majalisa take yi wa labari shi ne fassara, ba daga Turanci zuwa Hausa kaɗai ba, har daga ma'aunin gwamnati zuwa ma'aunin gida. Hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024. Wannan lissafi ba shi da ma'ana a bakin shago sai an mai da shi kwanon gero, da buhun taki, da kuɗin mota zuwa Kazaure, da abin da ɗan acaɓa zai karɓa ya kai mai naƙuda asibiti. Ran 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin kwana biyu litar da gwamnati ta ƙayyade a ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Masana sun yi ta muhawara a kan gibin kasafin kuɗi. Mai noman rani shi lissafinsa ɗaya ne, lita nawa injin ban-ruwa yake sha daga shuka zuwa girbi. Ba za a ce lissafinsa ya fi na masana rauni ba. Hasali ma ya fi nasu saurin nuna inda abin zai ƙare.

Aiki na biyu shi ne raɗin suna. Bahaushe ba ya barin shekarar wuya ta wuce ba suna. Yunwar 1913 zuwa 1914 ana kiranta Kakalaba, ta 1927 'Yar Buhu, ta wajen 1942 'Yar Gusau. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya zama kwanan wata a bakin mutanen da ko kwabo ba su samu daga cikinsa ba, sai tsadar da ta biyo shi. A ƙasar Nijar, yunwar 1984 zuwa 1985 da sunan Buhari aka san ta, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatinsa ta soja ta yi. Wannan suna hukunci ne. Babu kotun da ta zauna, babu jaridar da ta buga, amma talaka ya faɗi wanda yake ganin ya jawo masa wahala, kuma maganar ta zauna shekara arba'in.

Shigowar Waya

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, amma hirar ba ta ƙaura sosai ba sai da waya mai intanet ta yi araha, Facebook da WhatsApp suka shiga ƙauye, TikTok ya biyo baya. Abin da ya fi kome tasiri a wuri kamar Gwiwa shi ne saƙon murya, domin ba ya bukatar boko ko ajami. Wanda bai iya rubuta sunansa ba yana iya aika jawabin minti biyar zuwa Legas ko Agadas.

A nan ne "wai" ta ɓata. Saƙon murya idan ya zagaya, yakan iso da muryar wanda ya fara yinsa, yana rantsuwa cewa da idonsa ya gani. Mutum ashirin sun miƙa shi hannu da hannu, amma babu ɗayansu da ya sami damar liƙa masa "an ce". Mai sauraro na ƙarshe yana jin sa kamar daga bakin shaida. Hoto kuwa ya fi haka haɗari. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne a zamanin da ido ba ya ganin abin da ba ya gabansa. Yanzu ana iya ɗauko hoton wata tarzoma ta wata ƙasa, ta wata shekara, a ce jiya ne a Kano. Karin maganar da ke kare mutum daga ruɗi ita ce ta koma ƙofar da ruɗi yake shiga. Idan kuma aka ce, "In ji wa?" amsar ita ce, "A waya na gani," kamar dai waya mutum ce mai mutunci da za a je a tuhuma. Waɗanda suka tuna daren nan na Agusta 2014, da aka tashi jama'a da tsakar dare a yi wanka da ruwan gishiri domin tsoron cutar Ebola, sun san iyakar gudun irin wannan saƙo.

Sai dai kuskure ne a ɗora wa talaka laifin duka. Canjin kuɗi na 2022 zuwa 2023 ya isa misali, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Ran 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin kuma za su daina aiki ran 31 ga Janairu 2023. Da ranar ta matso aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Kotun Ƙoli ta ce a dakata. Ran 16 ga Fabrairu Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 kaɗai za ta ci gaba na kwana sittin. Waɗansu gwamnoni suka ce wa mutanensu su ci gaba da karɓar duka. Ran 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsofaffin takardun halal ne har ƙarshen shekara, Babban Banki kuma ya ɗauki kwanaki kafin ya ce uffan. To, a dubi mutumin ƙauye da ya kai akuya kasuwa a cikin waɗannan makonni. Ba shi da asusun banki, ko kuwa yana da shi amma bankin yana Kazaure, layin kuma ya kai bakin titi. Mai saye ya miƙo masa tsohuwar dubu. Ya karɓa ko kada ya karɓa? Hukuma ta yi magana da baki huɗu. A irin wannan hali, saƙon ɗan'uwansa da ke ci-rani a Kano, wanda ya ce yau a Kwari ana karɓa ko ba a karɓa, ya fi sanarwar gwamnati amfani, domin shi aƙalla yana faɗin abin da ke gudana a kasuwa. Tsofaffi kuma suka tuno canjin Afrilu 1984, wanda aka ba mutane ƙasa da mako biyu, suka ce sun san wannan rawa. Jita-jita tana yaɗuwa ne a filin da hukuma ta bari babu shuka, kuma wanda ya ga maganar hukuma ta tashi sau uku cikin wata guda, ba za a zarge shi ba idan ya koma ga rediyo mai jini.

Haka abin ya kasance game da iyaka. An rufe ta a Agusta 2019, aka buɗe Maigatari da waɗansu ƙofofi uku a Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Fatake da dillalan dabbobi na wannan yanki, masu bin kasuwannin Mai'aduwa da Maigatari, ta waya suke sanin ko hanya ta buɗe. Wannan alheri ne da ba a musunsa.

Raha da Lissafi

Yawancin abin da ake rubutawa ƙarƙashin labari ba sharhi ba ne, gatse ne da addu'a. Wani ya ce Allah ya kawo sauƙi, wani ya ce ai jiki magayi, wani ya yi wa shugaba kirari irin wanda kowa ya san zagi ne. Gatse tsohuwar garkuwar marar ƙarfi ce, domin idan aka kama shi sai ya ce ai yabo ya yi. Mazaɓar da Gwiwa take ciki ta ba da misali mai kyau na yadda raha take ɗaukar magana. Muhammad Gudaji Kazaure, wanda ya wakilce ta a Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2023, ya yi suna a ƙasa baki ɗaya saboda gutsattsarin jawabansa da ake yaɗawa a waya ana dariya. A Disamba 2022 ya yi zargin cewa kuɗin harajin hatimi da suka kai naira tiriliyan 89 sun salwanta, fadar shugaban ƙasa kuma ta musanta. Abin lura a nan shi ne, adadin ya zagaya ƙasar Hausa cikin 'yan kwanaki, amma kaɗan ne suka tsaya suka gwada shi da kasafin kuɗin tarayya na wannan shekara, wanda bai kai tiriliyan 20 ba. Majalisa gwana ce wajen auna kwano da buhu, amma da zarar an wuce miliyan, ma'auninta ya ƙare, biliyan da tiriliyan duk "kuɗi masu yawa" ne. Wannan rauni ne na gaske, kuma malaman Hausa da 'yan jarida suna da hannu a ciki, tun da har yau ba su saba wa jama'a da fassara manyan lambobi zuwa rijiyoyi da azuzuwa ba.

Zarar Bunu

An ce magana zarar bunu ce. A majalisa kuwa, ko da ba ta komawa, iska takan ɗauke ta. Saurayi ya zagi hakimi da dare, dattijo ya tsawata masa, gari ya waye an manta. Dattijon nan yana yin aiki biyu, yana hana yaro wuce gona da iri, yana kuma rufa masa asiri. A waya babu dattijo, babu mantuwa. Abin da aka rubuta cikin fushi yana nan a ajiye, ana iya ɗaukar hotonsa a kai inda mai shi bai taɓa zato ba. A Nuwamba 2022 jami'an tsaro sun kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda 'yar jimla guda da ya rubuta a Twitter watanni kafin nan game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. An kai shi Abuja, aka gurfanar da shi, sai da ƙungiyoyin ɗalibai da jama'a suka yi ca kafin a janye ƙarar a farkon Disamba. Irin wannan jimla ana faɗin ɗari kamarta kullum a teburin mai shayi. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, shi aka fi amfani da shi wajen irin wannan kamu. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 'yan jarida ta ɗaure. Ta yanzu tana iya kaiwa ga duk mai waya, domin kowa ya zama mai buga jarida ba tare da ya sani ba. Gwamnati ma ta taɓa rufe Twitter ɗungurungum daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

A ɗaya gefen kuma akwai maganar da ba ta mai ita ba ce. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe a Kano, Freedom a kan gaba a 2003, aka san sojojin baka, masu sayen fili su yabi ubangida su sari abokin hamayyarsa. Waɗannan aƙalla an san muryarsu, an san gidan da suke ci. Magadansu na waya, waɗanda ake saya wa data, suna shiga cikin hira kamar kowa, wani lokaci mutum ɗaya da sunaye biyar. Maroƙi a ƙasar Hausa ba ya ɓoye cewa roƙo yake yi, shi ya sa ba a ruɗuwa da kirarinsa. Maroƙin da ya sa rigar mai sharhi, shi ne sabon abu.

Waɗanda Ba a Ji

Saura tambaya guda, wadda ta fi shafar masu mulki da masu bincike: muryar wa ake ji a waya? Akasari ta samari ce, masu ɗan boko, mazauna gari ko 'yan ci-rani, waɗanda suke da kuɗin data da wurin cajin waya. Tsohon da ke riƙe da rumbu ba ya ciki. Matan aure, waɗanda su ne suka fi kowa sanin abin da kwano ya koma tun da su suke aunawa su dafa, nasu sharhin yana tsakar gida da gidan biki da bakin rijiya, kuma ba a rubuta shi. Makiyayi yana da rediyonsa a rataye, yana ji, ba a jin sa. Wanda ya leƙa Facebook ya ce ya ji ra'ayin Gwiwa, ra'ayin wani yanki na samarinta ya ji.

Shekarar 2025 ta nuna wannan a fili. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci a 2024, aka kuma sami damina mai kyau, farashin hatsi ya faɗi ƙwarai a kasuwannin Arewa. Waya ta cika da hamdala, domin yawancin masu rubutu a cikinta masu sayen abinci ne, kuma sun sha wuya a shekarar da ta gabata, wuyar da ta fito da matasa kan titi ran 1 ga Agusta 2024 har aka sa dokar hana fita a Kano da Jigawa. Amma taki bai sauko tare da hatsi ba. Manomin da ya ci bashi ya sayi taki da tsada, ya biya 'yan ƙwadago da kuɗin mai, ya tarar sai ya sayar da buhu biyu ko fiye na abin da ya noma kafin ya mai da buhun taki ɗaya. Labari guda ne, a birni bushara, a gona hasara. Kukan manoma ya fito daga baya, ta bakin ƙungiyoyinsu da wakilan rediyo da suka shiga kasuwannin ƙauye, amma a majalisun ƙasar Gwiwa da Roni an riga an yi wannan lissafi tun hatsi yana kan masussuka, an kuma soma shawarar ko baɗi a rage masara a ƙara gero da wake da riɗi, waɗanda ba su cin taki kamarta.